Kai Ruwa Rana da Kifi: Abubuwan Ban Mamaki 20 Daga Duniyar 'Yan Fatsa

Masunci kifi yake nema ya kai kasuwa, saboda haka duk abin da zai fito masa da shi da wuri, taru ne ko koma ko mashi, shi zai ɗauka. Akwai kuma wasu mutane, da yawansu masu hannu da shuni, da suka mai da kamun kifi wasa. Kayan aikinsu sanda ce guda, da ƙugiya, da zare, da manaɗi, wato ƙarfen nan mai hannu da ake juyawa yana naɗe zare. Da gangan suke zaɓen zaren da kifin zai iya tsinkewa, don a bar mutum ɗaya da kifi ɗaya su gwada ƙwanji. Wani karon minti 40 ya isa, wani kuwa sai an wuni an kwana. Ga 20 daga cikin labaran da 'yan fatsa ba sa gajiya da maimaitawa.

1. Mafarin wasan

Ranar 1 ga Yuni, 1898, a gaɓar tsibirin Catalina na jihar Kalifoniya a Amurka, kifin tuna ya haɗiyi ƙugiyar wani masanin halittu mai suna Charles Frederick Holder. Kifin ya ja ƙaramin kwalekwalensa, da shi da matuƙinsa, tafiyar kusan kilomita 16. Sai bayan awa 3 da minti 45 ya saduda. Da aka ɗora shi a sikeli aka sami kilo 83. Kafin wannan rana, da igiya mai kauri mutanen wurin ke janyo manyan kifaye, abin da Holder yake ganin kisa ne kawai, babu bajinta a ciki. A shekarar ya kafa ƙungiyar Tuna Club, wadda ta ƙayyade iyakar kaurin zaren da mamba zai yi amfani da shi. Har Winston Churchill ya je Catalina a 1929 ya kama kifin malin.

2. Dokokin da ke sa a sha wuya

Tun 1939 ƙungiyar IGFA ke riƙe da kundin bajintar 'yan fatsa na duniya, kuma dokokinta ba sani ba sabo. Daga lokacin da kifi ya haɗiyi ƙugiya, ba mai taɓa sanda ko manaɗi ko ainihin zaren sai mai shi, ko da hannunsa ya sage. Ba a jingina sanda a bakin jirgi a huta. Ba a harbin kifin, ba a jifansa da mashi. In kifin shak ya yagi namansa, ko farfelar jirgi ta sare shi kafin a fito da shi, to ya tashi a banza, komai girmansa. Mai karatu ya riƙe waɗannan dokoki, domin su ne silar rabin baƙin cikin da ke tafe a ƙasa.

3. Awa 32 da minti 5

A watan Janairun 1968, kusa da tsibirin Mayor da ke gabashin Niyu Zilan, wani mutum mai suna Donal Heatley ya haɗu da gamonsa. Kifin baƙin malin ne, irin mai dogon tsinin baki, wanda waɗanda suka gan shi suka ƙiyasta tsawonsa da mita 6, nauyinsa kuma da kilo 680. Aka fara ranar 21 ga wata, rana ta faɗi, gari ya waye, rana ta sake yin tsaka, mutum na zaune a kujera sanda na lanƙwashe. Jirgin da suke ciki nauyinsa tan 12 ne, amma haka kifin ya yi ta tafiya da su har kilomita 80. Bayan awa 32 da minti 5 zare ya tsinke. Heatley ya koma gida hannu rabbana, sai dai sunansa ya shiga kundin Guinness a matsayin wanda a lokacin ya fi kowa daɗewa yana fama da kifi ɗaya.

4. Dattijon da ya yi awa 37 a kogin Kenai

Wannan ya faru a watan Yulin 1989 a jihar Alaska. Bob Ploeger dattijo ne da ya haura shekara 60, ya zo daga jihar Minnesota yawon buɗe ido, ya ɗauki hayar jirgi da jagora. Da rana tsaka wani babban kifin salmon ya ɗauki ƙugiyarsa, ya nutse ƙasan kogi, ya kafe. A ja shi ya ƙi tasowa, a sassauta ya ƙi tafiya. Jagoran ya hango girmansa ya ce wannan zai iya karya tarihin duniya, wato na kifi mai kilo 44 da Les Anderson ya kama a wannan kogin a 1985. Tun daga nan Ploeger ya hana kowa taɓa masa sanda, don kada doka ta hau kansa.

Kafin ka ce kwabo labari ya cika gari. Gidan rediyon yankin ya shiga watsa abin kai tsaye, jama'a suka cika bakin kogi, 'yan talabijin suka iso, ana kawo masa abinci da abin sha a jirgi yana ci sanda na hannu. Duk inda kifin ya ɗan gusa, jirgi ya bi shi a hankali. A awa ta 37, cikin dare, kifin ya taso kusa da jirgi. Jagoran ya zura homa zai kwaso shi, kifi ya yi wata girgiza, ƙugiya ta kuɓuce, ya koma inda ya fito. Ba wanda ya taɓa ɗora shi a sikeli, shi ya sa har yau kowa ke faɗin nauyin da ya ga dama.

5. Tarihin da mace ta kafa, maza suka kasa karyawa

Ranar 7 ga Oktoba, 1922, a kogin Tay na Sikotilan, Georgina Ballantine ta fita da mahaifinta James, wanda shi ne mai kula da kamun kifi a gandun Glendelvine. Ma'aikaciyar jinya ce, ta yi aiki a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma tun da rana ta riga ta kama salmon uku. Dab da magariba suka sake shiga kwalekwale, uba na tuƙi, 'ya na riƙe da sanda. Can sai ta ji an fizgi zare da ƙarfin da ya kusa raba ta da sandar.

Kifin ya juya ya bi ruwa, ya ja su har suka wuce ta tsakanin ginshiƙan gadar Caputh, duhu kuma ya rufe. Ba ta ganin zare, ba ta ganin kifi, sai nauyi kawai take ji a damatsanta. Uban ya san doka, bai taɓa mata sanda ba, nasa dai tuƙi da ba da umarni. Bayan awa 2 da 'yan mintoci kifin ya gaji, dattijon ya lalubi zare a cikin duhu, ya saƙala masa ƙugiyar hannu ya jefo shi cikin kwalekwale. Nauyinsa kilo 29, tsawonsa mita 1 da santimita 37. Mai gandun ya aika da shi babban asibitin garin Perth, majinyata da ma'aikata suka ci. Yau fiye da shekara 100 ke nan ba a sami wanda ya kama salmon da ya fi shi da sanda a Birtaniya ba.

6. Tsalle 49

Cabo Blanco ƙauyen masunta ne a arewacin Peru, inda ruwan sanyi da na ɗumi ke haɗuwa, ƙananan kifaye su taru, manya su biyo su. A nan ne ranar 4 ga Agusta, 1953, Alfred Glassell, wani attajirin man fetur daga Texas, ya kama baƙin malin mai kilo 707, wato nauyin buhun shinkafa 14 masu kilo 50 har da ɗoriya. Awa 1 da minti 45 aka yi, kuma a cikin wannan lokaci kifin ya yi tsalle sama da ruwa sau 49. An yi dace akwai masu ɗaukar hoton sinima a wurin, suka naɗi abin tun daga farko. Wannan hoton ne aka yanka aka sa a fim ɗin The Old Man and the Sea na 1958. Har yanzu shi ne baƙin malin mafi nauyi a kundin IGFA.

7. Girma ba shi ne daɗewa ba

Kifin tuna mafi nauyi da aka taɓa kamawa da sanda, Ken Fraser ne ya kama shi ranar 26 ga Oktoba, 1979, a Aulds Cove na lardin Nova Scotia a Kanada. Kilo 678 ne, amma minti 45 kacal aka yi. Ya kuma shafe kimanin awa 10 a cikin jirgi yana tsanewa kafin a kai shi sikeli. Tuna irin wannan jikinsa ya fi ruwan da yake ciki ɗumi, shi ya sa tsokarsa ke da ƙarfin gaske ko a ruwan sanyi. Rauninsa guda ne: dole ya yi ta iyo baki buɗe kafin ya sami numfashi. In ɗan fatsa ya matsa masa tun farko ya hana shi sakat, sai ya ƙone ƙarfinsa da wuri. In kuwa aka yi masa sako-sako ya sami lumfashi, to sai a wuni ana abu ɗaya.

8. Shak biyu, ɗaya ya shiga kundi, ɗaya ya tsaya a ƙofa

Kifi mafi nauyi a duk kundin IGFA farin shak ne mai kilo 1,208, wanda wani manomi mai suna Alf Dean ya kama kusa da Ceduna a kudancin Ostareliya ranar 21 ga Afrilu, 1959, cikin kimanin awa ɗaya. Da wuya a karya wannan tarihi, domin yanzu doka ta hana kashe farin shak a Ostareliya da wasu ƙasashe da dama. An taɓa kama wanda ya fi shi. A 1986, a Montauk na jihar Niyu Yok, Donnie Braddick ya fito da mai kilo 1,554 daga jirgin Frank Mundus, mutumin da ake cewa da shi aka kwaikwayi maharbin shak na fim ɗin Jaws. IGFA ta ƙi karɓa, saboda a gefen mushen wata ƙatuwar dabbar teku aka same shi yana ci, kuma doka ba ta yarda a jawo kifi da irin wannan nama ba.

9. Rabon shak

Zane Grey marubucin labaran kaboyi ne, wanda ya zuba dukiyar littattafansa a jirage da kayan fatsa. A 1930, a tekun Tahiti, ya zama mutum na farko da ya fito da malin da ya haura laba 1,000 da sanda. Sai dai kifin yana dab da jirgi shak suka far masa suka yayyagi bayansa. Abin da suka bari ya auna kilo 472, kuma saboda wannan cizo ba a lissafa shi a kundin bajinta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

10. Hemingway da bindiga

Ernest Hemingway, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1954, ba ƙaramin ɗan fatsa ba ne, har mataimakin shugaban IGFA ya yi. A watan Afrilun 1935, yana kan hanyar tsibirin Bimini a jirginsa Pilar, ya janyo shak zai ƙarasa shi da ƙaramar bindiga. Ƙugiyar hannu ta karye, bindiga ta tashi, harsashi ya daki ƙarfe ya tarwatse ya same shi a ƙafafu biyu. Da ya warke ya koma Bimini, sai ya samo bindiga mai sarrafa kanta don korar shak. Wata rana abokinsa Mike Strater yana fama da wani ƙaton malin, Hemingway ya buɗe wa shak wuta da niyyar taimako. Jinin da ya zuba ya kirawo wasu shak ɗin, suka cinye kusan rabin kifin. Gyara kayanka dai ya zama sauke mu raba.

11. Cizon da ya ci dala miliyan 3.5

Wannan dokar ta cizon shak tana nan da ranta. A watan Yunin 2023, a gasar Big Rock da ake yi a Morehead City na jihar North Carolina, mutanen wani jirgi mai suna Sensation sun shafe fiye da awa 6 da shuɗin malin mai kilo 281. Da dare suka iso bakin gaɓa, jama'a na ta sowa, domin kifinsu ya fi na kowa. Alƙalai suka duba suka ga tabon cizo a jikinsa. Washegari aka sanar da soke shi, ladan da ya kai kusan dala miliyan 3.5 ya kuɓuce musu, kambu ya koma hannun jirgin da kifinsa bai kai kilo 220 ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

12. Hannu da yawa

Malin mafi girma da aka taɓa fitarwa da sanda shi ne wanda jirgin Kyaftin Cornelius Choy ya kawo a tsibirin Oahu na Hawai a 1970, mai kilo 819. Ya ɗara na Glassell da fiye da kilo 100. Amma 'yan yawon buɗe idon da ke jirgin karɓa-karɓa suka yi wa sandar, wannan ya gaji ya miƙa wa wancan. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya ne, a nan kuwa shi ya hana kifin shiga kundi.

13. Rigimar jiƙaƙƙiyar igiya

Tsakanin shekarun 1930 da farkon 1950, manyan tuna kan biyo ƙananan kifaye zuwa gaɓar Scarborough a Ingila, attajirai su yi ta tururuwa. A 1933 Lorenzo Mitchell-Henry ya kama mai laba 851, kimanin kilo 386, ya zama zakaran Birtaniya. A 1949 wani manomi, John Hedley Lewis, ya kama mai laba 852. Bambancin laba ɗaya ne tak, bai kai rabin kilo ba. Mitchell-Henry ya tubure cewa igiyar da aka rataye kifin da ita a sikeli jiƙaƙƙiya ce, kuma nauyinta ya shiga lissafi. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe kambu ya zauna a hannunsa.

14. Mai takobi

'Yan fatsa da yawa sun yarda cewa ba kifin da ya kai mai takobi taurin kai. Yana farauta a zurfin da haske ba ya kaiwa sosai, kuma yana da wata tsoka ta musamman da ke ɗumama masa ido da ƙwaƙwalwa. Bakinsa da taushi, ƙugiya kan yage ta fita bayan an gama shan wahala. Zane Grey ya ba da labarin wani mai takobi da shi da ɗan'uwansa suka yi fiye da awa 11 suna ja, can cikin dare suka lura ashe kifin ma kiwonsa yake yi, yana bin ƙananan kifaye da ƙugiya a baki. Mafi nauyi a kundi shi ne na Lou Marron, kilo 536, a Iquique ta ƙasar Chile, ranar 7 ga Mayu, 1953. A 1967 kuwa wani mai takobi ya kai wa ƙaramin jirgin binciken ƙarƙashin teku mai suna Alvin suka a zurfin kusan mita 600, takobinsa ya maƙale. Aka taso da shi, ma'aikatan jirgi suka dafa suka cinye.

15. Kifin da ake rusuna wa

Tarfon kifi ne mai manyan ɓawo masu ƙyalli fari fat, ana samunsa a gaɓar Amurka da ta Afirka ta Yamma. Cikin bakinsa ƙashi ne, ƙugiya ba ta cika kama shi ba, kuma da ya ji ta sai ya yi sama yana kaɗa kai. Shi ya sa 'yan fatsa ke lissafi biyu: nawa suka yi tsalle, nawa aka kawo jirgi. Dabarar ita ce, da ya tashi sama sai ka sunkuya ka miƙa masa sanda zare ya yi sako-sako, in ba haka ba ya faɗo a kai ya tsinke. Wani abin kuma, yana iya leƙowa ya shaƙi iska da baki, ta shiga jakar iskar da ke cikinsa, ƙarfinsa ya dawo sabo. Mafi nauyi a kundi, kilo 130, a tsibirin Rubane na Gini Bisau aka kama shi a watan Maris na 2003. Wanda ya kama shi, Bafaranshe Max Domecq, wannan ne tarfon ɗinsa na farko a rayuwa.

16. Giwan ruwa

Wannan kam ba baƙo ba ne. Giwan ruwan da ake kamawa a Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi shi ne Turawa ke biyan kuɗin jirgin sama su je nema a Tafkin Nasser na Masar da kuma gindin magangarar Murchison a Yuganda. Da ya ji ƙugiya yakan fito da rabin jikinsa sama, baki wangame, yana kaɗa kai, sannan ya nutsa ya nufi duwatsu don ya goga zare ya yanke. Wanda ke kundin IGFA kilo 104 ne, William Toth ya kama shi a Tafkin Nasser a watan Disambar 2000. A Argungu kuwa, inda babu sanda babu manaɗi, sai homa da gora da ƙarfin damtse, kifin da ya ci gasar 2005 kilo 75 ne, kuma sai da mutum huɗu suka haɗu kafin a ɗora shi a sikeli.

17. Tsage mai kamun tsuntsu

Duk wanda ya taɓa ganin haƙoran tsage ya san dalilin da ya sa ake ɗaura guntun waya tsakanin ƙugiya da zare. A Tafkin Kariba na Zimbabuwe gasa guda ake yi don shi kaɗai tun 1962. Masunta sun daɗe suna cewa tsage na kama tsuntsu a sama, ana ɗauka zuƙi ta malle ce, har sai da masu bincike a Afirka ta Kudu suka ɗauki hoton abin a madatsar Schroda, aka wallafa a 2014. Tsattsewa na shawagi dab da ruwa, tsage ya yi tsalle ya cafke ta. Sun lissafa kimanin tsuntsu 20 a kullum. Babban wansa yana kogin Kwango, inda ake kiransa mbenga, mai haƙora 32. Wanda ke kundi kilo 44 ne, an kama shi kusa da Kinshasa a 1988.

18. Tarwaɗar Turai

A kogunan Turai akwai wani ɗan'uwan tarwaɗa da ake kira wels, wanda manyansa kan fi mutum tsawo nesa ba kusa ba. A 2023 wani Ba'italiye, Alessandro Biancardi, yana shi kaɗai a ƙaramin jirgi a kogin Po, ya yi minti 40 yana fama da ɗaya a cikin ruwa mai gudu. Da ya kai shi gaɓa aka auna tsawonsa, mita 2 da santimita 85. Ya ƙi rataye shi a sikeli don kada ya illata shi, aka ɗauki hoto aka sake shi. A garin Albi na Faransa kuwa, masana sun ga irin wannan kifi yana faɗowa bakin gaɓa ya cafki tattabarar da ta zo shan ruwa, ya koma da ita.

19. Kilo 260 a zaren kilo 2

A 1995, a tsibiran Azores da ke tsakiyar Atlantika, Leo Cloostermans ya kama shuɗin malin mai kilo 260 da zaren da nauyin kilo 2 ya isa ya tsinke shi. Yaya aka yi? Sirrin yana cikin birkin manaɗi. Ana saita shi ta yadda in kifi ya ja da ƙarfi, zare zai yi ta warwara maimakon ya tsinke. Kifi ya yi ta gudu yana jan birki, shi kuma matuƙi ya sa jirgi a baya ya bi shi a guje, ruwa na dukan kowa, ɗan fatsa na naɗe abin da ya samu. A irin wannan kamu rabin bajintar ta matuƙi ce. Masu neman manyan kifaye da zare mai kauri kuwa kujera ce ta musamman ake kafa musu a bayan jirgi, a ɗaure ƙugunsu da ɗamarar da ke haɗe da manaɗi, su riƙa ja da ƙafa da baya, domin hannu kaɗai ba ya iyawa.

20. Wani lokacin kifi ke farautar mutum

Mafi haɗarin lokaci shi ne sa'ad da kifi ya zo gefen jirgi, yaron jirgi ya naɗe ƙarshen zare mai kauri a hannu zai janyo shi. In naɗin ya sarƙe kifi kuma ya zabura, sai ya tafi da mutum ƙasan teku, kuma an rasa rayuka ta haka. A watan Yulin 2006, a wata gasa a Bamuda, wani malin da aka ƙiyasta da kilo 360 ya yi tsalle ya tsallaka bayan jirgi, ya soki wani matashi a ƙirji ƙasan ƙashin wuya, ya faɗa ruwa da shi. Mahaifinsa ne ke tuƙa jirgin. Da sauran shan ruwansa, ya zare kansa ya taso, aka garzaya da shi asibiti, ya rayu.

Wanda ya bi waɗannan labarai zai ga cewa manyan kifayen da suka shiga kundi, galibinsu cikin awa 2 ko ƙasa da haka aka gama da su, amma karo biyu mafi tsawo, na awa 32 da na awa 37, duk kifi ne ya yi nasara. Zamani ma ya sauya. An gane cewa kifin da aka daɗe ana ja yakan mutu don gajiya ko da an sake shi, saboda haka yanzu shawarar da ake ba 'yan fatsa ita ce su yi amfani da zare mai ƙwari, su gama da wuri, su mai da shi ruwa. Tun 2011 IGFA ta buɗe sabon babi a kundinta, inda tsawon kifi ake aunawa maimakon nauyi, kuma sharaɗin shiga shi ne a ɗauki hotonsa a kan ma'auni, sannan a sake shi da ransa.